Katunan Nijar a Bangon Wafa

Wafa na tsaye a lungun da ya raba majalisar maza da cikin gida lokacin da ta ji an ce a yi Fatiha. Farantin shayi ta zo ɗauka, amma sai ta manta da shi. Muryoyi suka yi ƙasa gaba ɗaya, can ta ji amin ɗin mahaifinta, Alhaji Mukhtaru, ya fito da nauyi kamar yadda yake fitowa idan ciniki ya faɗa. 

An ba da ita ke nan. Bayan duk yaƙin da aka sha, an ba Nu'uman ita.

Ba ta san yadda ta kai ɗaki ba. Ta dai tsinci kanta a durƙushe a kan gado, fuskarta a jikin bango, tana dariya tana share hawaye da bakin gyale, tana gode wa Allah da Larabci da Hausa, duk wanda ya riga zuwa bakinta.

Bangon nan kuwa abin kallo ne. Ya cika da katunan hoto na ƙasar Nijar, ta jera su yadda ƙasar take kwance, yamma a hagu, gabas a dama. Ga kwale-kwale a kan kogi a Yamai, ga raƙuman dawa suna miƙa wuya cikin ƙaya, ga doguwar hasumiyar masallacin Agadas da itatuwa tsiri-tsiri a jikinta, ga ayarin gishirin Bilma. A tsakiya ta sa manyan duwatsun Damagaram, garin da kakarta ta baro da ƙafa tana budurwa, ta ratso Chadi da Sudan, ta zo ta ƙare kwananta a unguwar Tandabawi ta Makka ba ta sake ganinsa ba.

Ita Wafa ko filin jirgin Nijar ba ta taɓa takawa ba. A Makka aka haife ta, a Makka aka haifi ubanta, takardar ɗan ƙasa ce a jakarta, kuma a wani kantin magani kusa da Harami take aiki. Sai bayan kakar ta rasu, aka rushe tsohon gidansu suka koma unguwar Ka'akiyya, sannan wani irin ƙishi ya kama ta na ganin inda aka fito. Ta roƙi wata Hajiya 'yar Damagaram da ta zo Umra ta aiko mata da hoton garin. Hajiyar ta koma gida ta ɗora wa ɗan maƙwabcinta aikin, wani malamin makaranta mai suna Nu'uman.

Shi kuma ɗan bawan Allah, a zamanin da kowa ke tura hoto ta waya, sai ya je ya tono tsohon kati a wani shagon littattafai, ya yi rubutu a bayansa, ya ba masu Umra su kawo. Daga nan abu ya zama jiki. Duk ayarin da ya taso daga Damagaram da katin Wafa a jakar wani, a ajiye mata a shagon Sabi'u mai akwatuna a tashar motocin Kudai, ta biya ta karɓa idan ta tashi aiki. In ya rasa na saye sai ya ɗauki hoton da kansa ya kai a buga. Ita ma ta riƙa mayar masa da na Makka. Tun ana gaisuwa da labarin gari, har aka kai inda kowa ya san za a kai.

Sai dai akwai wani ɗan haki guda. Hausar Wafa ta baka ce, ta kicin da hirar tsofaffi, rabinta Larabci. Ba ta karanta Hausar boko, ba ta rubuta ta. Sau ɗaya Nu'uman ya gwada rubuto mata da Larabci, ta karanta ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce masa a waya wannan ai huɗubar Juma'a ce, ya taimaka ya koma Hausarsa. Da bakinta ta faɗa, ba wanda ya sa ta.

Mai karanta mata ita ce Kubra, 'yar ƙanwar mahaifinta da aka kai aure Nijar. Khadijatul Kubra ta yi makaranta a Maraɗi kafin uwarta ta dawo da ita Makka, uwar ta rasu ta bar ta a hannun kawunta. Ɗaki ɗaya suke kwana da Wafa, abaya ɗaya suke aron juna. Kubra ke karanta kati, Kubra ke rubuta amsa. Wafa ta kwanta rigingine tana zuba zance, Hausa da Larabci a cakuɗe, ta ƙare da cewa, ki gyara dai yadda zai yi daɗi.

Wahalar da Wafa ta sha kan wannan soyayya ba kaɗan ba ce. 'Yar ƙasa ba ta auren baƙo sai da muwafaƙa, wato izinin hukuma, abin da ke cin lokaci kuma ba a da tabbacin samu, sannan sai waliyyi ya tsaya a kai. Alhaji Mukhtaru kuwa ya ƙi tsayawa. Yau ya ce sai bayan Hajji, gobe ya ce sai ya yi istihara. A gefe ga Bandar, ɗan amininsa, mai aiki a Jidda da gida da mota, wanda uwarsa ta yi ta sintiri har takalminta ya san hanyar gidan. Wafa ta ce ba ta so. Ta faɗa da ladabi, ta faɗa da kuka, har ta yi wata guda mahaifinta bai amsa gaisuwarta ba. Ba ta janye ba.

To yau ga Nu'uman ya zo Umra da baffansa Malam Dauda, sun shigo gida neman aure, an kuma shafa Fatiha. Wa zai hana ta murna?

Ta ji an rufe ƙofar waje, baƙi sun tafi. Ta gyara gyalenta tana jiran guɗar mahaifiyarta Maryama. Guɗa ba ta zo ba. Sai Maryama ta turo ƙofa a hankali, ta shigo ta zauna a bakin gado, tana murza zoben hannunta. Wafa ta faɗa jikinta tana cewa Ummi na ji, na ji da kunnena. Uwar ba ta rungume ta ba.

"Wafa, tashi zaune. Ba ke aka bayar ba."

Wafa ta ɗago tana murmushi, don ta ɗauka zolaya ce.

"Kubra aka ba shi."

 Maryama ta ci gaba da magana, tana haɗa haƙuri da ƙaddara da cewa ita ma sai ɗazu ta sani, amma Wafa ba ta ji ko rabi ba. Ta miƙe ba takalmi ta nufi majalisa.

Ta sami mahaifinta shi kaɗai, ya jingina da matashi, kofunan shayi a gabansa ba a kwashe ba. Bai yi mamakin ganinta ba. Ya nuna mata wuri ta zauna, ta ƙi, ta durƙusa a bakin ƙofa. Ya yi bayani a natse, irin na mutumin da ya riga ya shirya jawabinsa tun kafin baƙi su iso. Ya ce muwafaƙar nan ba ta fitowa, ko ta fito ba zai ɗauki 'yarsa ya jefa ƙasar da ko ruwanta ba ta taɓa sha ba. Ya ce Kubra kuwa iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, ta kusa ƙarewa, mutumin da take ƙarƙashin sunansa ya ce ya gaji, in ba a yi wani abu ba wata rana za a sa ta a jirgi a sauke ta inda ba ta da kowa.

"Ya binti, mutum ya ratso ƙasashe, ya yi ɗawafi, ya shigo gidana da dattijo yana neman iri. In mayar da shi hannu rabbana? A gidanmu ba a yin haka. Na ce musu 'ya'yana biyu ne. Ɗaya hanyarta a toshe take, ɗaya ko gobe sai a ɗaura."

"Ni ya zo nema, Abuya."

"Gidana ya zo nema."

 Wannan al'ada ta san ta, ta sha jin tsofaffi suna yabon wane da ya hana wannan 'ya ya ba da waccan don kada baƙo ya koma da kunya. Ana faɗa ana cewa dattako. Ba ta taɓa jin an tambayi wadda aka hana yadda ta kwana ba.

"Shi me ya ce?"

"Yaro ba ya magana gaban manya. Baffansa ya ce sun karɓa, sun gode."

"Amma shi, Abuya. Ya ɗago kai?"

Alhaji Mukhtaru ya kawar da fuska ya fara jan carbinsa. Ya ce khalas, magana ta ƙare, Fatiha ta riga ta shiga, kuma shi ba ya mayar da maganarsa sai in mai neman ne ya dawo da ƙafarsa ya ce ba ya so. Ya ƙara da cewa ta yi tunani a kan Bandar, don Allah ba ya rufe ƙofa bai buɗe wata ba. Wafa ta tashi ta fita tun bai rufe baki ba, abin da ba ta taɓa yi masa ba tunda aka haife ta.

Da ta koma ɗaki ta tarar da Kubra zaune a nata gadon, ta haɗa gwiwa da ƙirji, idanunta sun kumbura. Wafa ta tsaya a ƙofa tana kallonta, sai ta lura da abin da shekara da shekaru ba ta lura da shi ba. Katunan a saman gadonta suke, ita sai ta juya take ganin su. Gadon Kubra ne ke fuskantar su. Da su take kwana a ido, da su take tashi.

Ta maida ƙofa ta rufe. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaye ta tun yaushe ta sani. Kubra ta rantse da Allah ba ta san Kawu zai yi haka ba, sai da ya kira ta da hantsi ya tambaye ta ko tana da wani, ta ce babu, ya ce in ya ba da ita za ta ba shi kunya, ta yi shiru.

"Kin yi shiru," in ji Wafa. "Da hantsi. Muka ci abincin rana tare, kika taya ni zaɓen kofunan da za a kai wa baƙi, kika ce in sa turaren da ya fi. Duk kina shiru."

Kubra ta fashe da kuka. Ta ce ta so ta faɗa bakinta ya yi nauyi, ta ce ta yi zaton shi zai ƙi, magana ta mutu ba wanda ya ji. Wafa ta bar ta ta yi mai isarta. Can ta nuna bango da hannu.

"Abin da nake faɗa miki, shi kike rubutawa?"

Kubra ta sunkuyar da kai.

"Ke kike cewa in gyara, Wafa. Sai ki ce, ki ce masa ina gaishe shi, ki ce katin ya yi kyau, ki ƙara abin da ya dace. Bayan kati fili ne, dole a cika shi. Da farko naki nake gyarawa. Daga baya ya tambayi abin da ba ki da amsarsa, ƙamshin ƙasa in an yi ruwan farko, wasan da 'yan mata ke yi a dandali. Na tambaye ki kika ce in rubuta ko mene ne. Na rubuta abin da na sani. Wallahi ban san ranar da ya daina zama naki ba."

"Kina son sa."

Ba tambaya ba ce. Kubra ta share fuska da bayan hannu, ta dubi katunan.

"Ke hoton ƙasar kike so. Ni ƙasata ce. Duk katin da ya zo sai na san inda aka tsaya aka ɗauke shi, in karanta miki, ki sumbace shi ki manna a bango, ni in kwanta ina kallo. Ke kina da uba, kina da takarda, kina da aiki, har wanda kike ƙi kina da shi. Ni me nake da shi, Wafa?"

"Kina da ni," in ji Wafa. "A da."

Wannan kalma ta fi mari zafi, kuma Wafa ta sani, shi ya sa ta faɗe ta. Amma ba ta ji sanyi ba. Ta zauna a gadonta ta ciro kati ɗaya daga bango, na kasuwar Dole ta Damagaram, ta juya bayansa. Layuka ne shuɗi-shuɗi a jere, rubutu mai kyau, ta san yadda kowane harafi ke lanƙwasa, amma ko kalma ɗaya ba za ta iya fitarwa ba. Bango guda na maganar soyayya take da shi, ba ta san wacce tata ba ce. An ce kada a ba kura ajiyar nama, to ita ba ta ma san kura ba ce, ba ta kuma tabbata kurar ta san kanta ba. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, ta rasa inda za ta ajiye fushinta ya zauna daram.

Abu ɗaya ya rage mata, maganar da mahaifinta ya yi da bakinsa: sai in mai neman ya dawo da ƙafarsa. Ta kira wayar Nu'uman, tana shiga ba a ɗauka. Ta sake kira, haka. Ta san da safe ayarinsu zai tashi zuwa Madina daga Kudai.

Gari na wayewa ta sa abaya ta ce ta tafi aiki. Kudai ta cika maƙil kamar kullum, manyan motoci a jere suna huci, direbobi na kiran Madina, Madina, masu Umra na jan akwatuna da jarkokin zamzam, tsofaffi mata sun zauna a kan kayansu don kada a yi musu musanya. Ba ta sha wuyar gano shi ba. Yana tsaye gefen wata farar mota, doguwar riga ruwan toka, kansa da sabon askin Umra, yana taya wata tsohuwa ɗaure jaka.

Sau ɗaya ta taɓa ganin sa ido da ido kafin yau, a harabar Harami, washegarin saukarsu. Kubra ce ta raka ta. A ranar ta yi ta jin daɗin yadda ya saki jiki da 'yar uwarta, suna ta hirar Maraɗi da wani mai ƙosai da duk suka sani, ita tana gefe tana murmushi cikin niƙabi. Yanzu da ta tuna sai ta ji kunyar kanta ta kama ta.

Ya gane ta tun daga nesa. Hannunsa ya saki igiyar jakar. Ya matso suka tsaya a inuwar shagon Sabi'u, tazara a tsakaninsu kamar yadda ya kamata, mutane na gilmawa. Ya fara gaisuwa, ta ce ya bar gaisuwa. Sai ya shiga bayani, kalmomi na tuntuɓe da juna. Ya ce abin ya zo masa ba shiri, ya ce Baffa Dauda ya riga shi amsawa, ya ce a tarbiyyarsu yaro ba ya katse dattijo, balle a gidan mutane, balle a Makka. Ya ce bai runtsa ba. Idanunsa sun nuna gaskiya ne, sun yi ja.

Wafa ta saurare shi har ya ƙare. Ta ce ita ce ta haɗa shayin jiya, ta kuma san lokacin da aka shiga da buta ta biyu. Tsakanin maganar Abuya da Fatiha an zuba shayi an sha. Mutumin da ya iya ratsa Nijar daga wannan ƙarshe zuwa wancan don neman kati, bai iya cewa a dakata ba?

Ya sunkuyar da kai.

"Yaushe ka gane ba hannuna ba ne?"

Ya ɗago da sauri, ya sake sunkuyawa. Da ya yi mata ƙarya a nan, da wataƙila ta karɓa, don zuciyarta neman abin riƙewa take yi. Amma Nu'uman ba maƙaryaci ba ne, raggon zuciya ne kawai, wanda wani lokaci ya fi maƙaryaci ɓarna.

"Tun shekarar farko. Wadda nake ji a waya daban, wadda ke rubutu daban. Mai rubutun ta san damina."

"Ka gane, ka ci gaba da rubutu."

"Na ci gaba."

"Wa kake rubuta wa?"

Wani direba ya danna oda mai tsawo a bayansu. Nu'uman ya jira ta mutu.

"Wafa, wallahi ban sani ba. Sunanki nake sawa a sama. Muryarki nake so in ji. In kati ya zo kuma sai in kasa barci. Na ɗauka in na zo na gan ki komai zai haɗu wuri ɗaya."

"Ya haɗu?"

Hawaye ya zubo masa, namiji da shi, a tsakiyar tasha. Wafa ta ji nata na zubowa cikin niƙabi, yana jiƙa mata haɓa. Ta tuna watan da mahaifinta ya yi ba ya amsa gaisuwarta, ta tuna ranar da uwar Bandar ta fita gidansu rai a ɓace, Ummi ta kwana ba ta ci abinci ba. Duk ta yi su ne don mutumin da bai san wa yake so ba.

Ta gaya masa abin da Abuya ya ce. Hanya ɗaya ce, shi ya koma Ka'akiyya da ƙafarsa ya ce ba haka ya zo nema ba. Mota na nan, Madina ba za ta gudu ba, Ka'akiyya ba nisa.

Ya goge fuska da hannun riga. Ya dubi motarsu, inda Malam Dauda ya riga ya zauna a bakin taga yana leƙo su. Ya dawo da ido kanta.

"Ki ce in fasa, in fasa. Yanzun nan zan sauke jakata. Ke dai ki faɗa. Amma kin san halin da Kubra take ciki, kin fi ni sani."

Nan ne kukan Wafa ya tsaya cak. Ta gane abin da ya miƙo mata. In ta ce ya fasa, ita ce ta tura marainiyar da suka tashi tare cikin jirgi, kuma ko an yi auren, duk ranar da ya yi shiru za ta san inda hankalinsa ya tafi. In ta ce ya je, ita ce ta bayar, kowa ya wanke hannunsa, har a riƙa yabonta a gidajen biki ana cewa Wafa akwai zurfin ciki. Ya san ba za ta iya faɗar na farko ba, shi ya sa ya ba ta zaɓi.

"Abuya ya bayar bai tambaye ni ba. Baffanka ya karɓa bai tambaye ni ba. Kubra ta yi shiru, kai ka sunkuyar da kai. Sai yanzu da ake neman wanda zai ɗauki alhaki aka tuna da ni."

"Ba haka nake nufi ba."

"Ba zan ce ka fasa ba, Nu'uman. Ba kuma zan ce na yafe ba. Wannan karon ba mai rubuta maka amsa. Ga mota, ga hanyar gidanmu."

Ta ja baya ta jingina da bangon shagon, ta harɗe hannuwanta cikin abaya. A fuska ta gama da shi. A ciki kuwa, Allah ya sani, roƙo take yi kamar mai riƙe da tufar Ka'aba, ya Rabbi ka sa ya sauke jakar nan, ko da daga baya ni zan ce ba na so.

Yaron mota ya fara rufe wurin kaya. Malam Dauda ya ƙwanƙwasa gilashi da zobensa. Nu'uman ya yi taku biyu wajen titi, inda motocin haya ke tsayawa, har Wafa ta ɗago daga jikin bango. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, bayansa gare ta, mutane na kauce masa da akwatunansu. Baffan ya sake ƙwanƙwasawa, ya kira sunansa sau ɗaya.

Ya juya ya hau motar.

Wafa ta bi tagogin da ido ɗaya bayan ɗaya, tana jira ko zai leƙo, ko da hannu ne ya ɗaga. Motar ta ja a hankali ta wuce ta gabanta, ta ga Malam Dauda, ta ga tsohuwar mai jaka, ta ga kujerar da ke gefen baffan ba kowa. Can ɗaya ɓangaren ya je ya zauna, inda ba zai gan ta ba.